Malam Sharhabil da Muryar Innarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, ƙanena Jamilu ya kira ni ina ofis ya ce Allah ya yi wa Malam Sharhabil, mai gyaran kwamfuta na Unguwar Kanawa, rasuwa bayan gajeriyar jinya. 

Malam Sharhabil, mutane da yawa za su faɗi alherinka, kuma sun fi ni saninka. Ni abu ɗaya zan faɗa, wanda na gani da idona a gidanmu na Unguwar Dosa, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Muna da wata na'urar ajiya a falo, baƙin akwati mai faifai huɗu a ciki. Duk hotunan gidanmu suna can, amma ba su ne damuwata ba. Akwai muryar mahaifiyarmu, Inna Hansai, wadda muka kwashe daga tsofaffin kaset kafin su lalace. Kaset ɗin an zubar, Inna ta riga mu gidan gaskiya, kuma babu inda muryar ta rage a duniya sai cikin akwatin nan.

A daminar bara aka yi wata tsawa, babban allon cikin na'urar, wanda kuke kira bod, ya ƙone. Jamilu, sarkin karambani, ya sayo sabo ya ɗaura da kansa. Ya kunna, fanka ta juya, fitila ta kama, amma na'ura ta ƙi tashi. Sikirin baƙi ƙirin, sai layi ɗaya da ke cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ya yi bincike a waya, ya yanke shawarar sake zuba mata manhaja. Yana cikin yi ta tambaye shi ko ta goge fayafayan ta fara sabo. Allah ya sa ina tsaye a kansa, na karanta, nan take na kira ka.

Ban manta abin da ka ce ba: "Hajiya, ki ce masa ya ɗauke hannunsa. Kada ya danna e, kada ya danna a'a. A zare ta daga soket, ina zuwa bayan la'asar."

Da ka zo na zaci za ka kunna ta. Ba ka kunna ba. Ka buɗe akwatin, ka manna wa kowane faifai 'yar takarda mai nuna gurbinsa, ka ciro su ɗaya bayan ɗaya, ka naɗe a tsumma mai tsabta, ka miƙo mini. Ka ce, "Riƙe amanarki, Hajiya. Waɗannan ba su yi laifi ba, ba za su zauna a wurin da ake gwaje-gwaje ba." Daga baya na ji cewa haka kake yi wa kowa: ba ka taɓa gwada gyara alhali ajiyar mutane tana jone.

Ka bar wani ƙaramin faifai na biyar, wanda manhajar take ciki, shi kaɗai. Ka duba aikin Jamilu waya bayan waya, ka ce ya ɗaura daidai, sai dai sauri kan haifi nawa. Sannan ka shiga saitin bod ɗin ka nuna mana inda gizo ke saƙar. Tsohon bod da tsohuwar hanya yake tayar da na'ura, sabon kuwa da sabuwar hanya yake nema, shi ya sa ya wuce faifan kamar bai san shi ba. Ka sauya saitin, ka sa faifan ya zama farkon abin da za ta nema, ka yi bismilla. Rubutu ya fara gudu a sikirin. Ni dai ina ƙanƙame da tsumma a ƙirji, ina kallon hannunka.

Sai da ka tabbatar ta tashi lafiya sannan ka kashe, ka karɓi fayafayan, ka mayar da kowanne gurbinsa. Da ka sake kunnawa sunayen ajiyarmu suka bayyana, nan ka yi abin da ya fi ba ni mamaki. Ka juya sikirin ya fuskance ni, ka sa takalmanka, ka ce za ka jira a ƙofar gida, abin da ke ciki ba na idonka ba ne.

Na danna na farko. Muryar Inna ta cika falo, tana kiran sunana, tana cewa, "Hafsatu, kin kuwa rufe tukunyar nan?" Na durƙusa ina kuka, Jamilu ma ya kasa ɓoye nasa. Kai da ka dawo mana da ita kana waje a tsaye, ba ka ji ko kalma ɗaya ba. Kafin ka tafi sai da ka sa muka yi alkawarin kwafe komai a wani faifai mu kai gidan yayarmu.

Da na je gaisuwa, maiɗakinka Safiyya ta ce mini abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ka son ɗaukar murya a waya, kira kake yi, don haka ba ta da muryarka ko ta daƙiƙa ɗaya. Na koma gida na bincika. Ashe ranar gyaran Jamilu ya ɗauki bidiyon hannunka don ya koya, kuma yana nan a cikin akwatin da ka ceto. Fuskarka ba ta fito ba, amma ana jin ka sarai. Na kwafe a waya na kai mata. Ta kara wayar a kunne, ta ji kana cewa, "Riƙe amanarki, Hajiya." Ta ce a sake sa mata.

Ya Allah, bawanka Sharhabil ya tsare sirrin bayinka, ka suturta shi. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ka haɗa da Innarmu a cikin rahamarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Safiyya da 'ya'yansa da dukkan 'yan'uwa. Allah ya ba ku haƙuri, ya riƙe muku abin da Malam ya bari kamar yadda shi ma ya riƙe na mutane. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.