Shekarar da Baba ya sa aka daka iri

Ina aji huɗu na firamare, wata Alhamis gab da faɗuwar damina, na dawo daga makaranta na tarar da Baba a bakin rumbu yana sauko da damin iri. A ƙauyenmu na wajen Runka ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa wannan damin. Zangarniyar da ta fi kowace cika ake warewa tun a gona, a ɗaure ta daban. Baba ya jefa shi gaban turmi ya ce Inna ta sussuke, a yi fura a raba wa maƙwabta. Wani mai wa'azi a rediyo ya lissafa, wai jibi Asabar Yesu Almasihu zai dawo, kuma wanda ya ajiye iri bai gaskata ba.

Na tsaya da jaka a wuya, bakina buɗe. Inna ta ce, "Maigida, in ya zo ya same mu da iri, duka zai yi mana?" Baba bai yi dariya ba. Faston 'yar majami'armu ya zo da kekensa ya ce ranar nan ba wanda ya san ta, ko mala'iku. Baba ya ce fasto bai iya lissafi ba. Ni aka miƙa wa taɓarya na taya Inna surfe, tana yi tana share hawaye da gefen zane. Furar ta yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar Asabar muka yi wanka, muka sa kayan Kirsimeti, muka zauna a tsakar gida. Ba ɗiban ruwa, ba gaɗa, awaki suna ta kuka a turke. Jaki ya yi kuka a bayan danga, ƙanwata ta fashe da kuka ta ɗauka ƙahon tashin ƙiyama ne. Har rana ta faɗi ba wanda ya zo, tuwo kawai muka ci.

Litinin ruwa ya sauka. Gari duk ya fita da sungumi, Baba kuwa ya ɗauki ƙwarya ya bi gida-gida neman iri. Malam Sule, maƙwabcinmu Musulmi, ya zuba masa tafi uku ya ce, "Mu ma muna jiran Annabi Isa, Istifanus, amma da shukarmu a ƙasa." Gonarmu a shekarar ta fito wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani na fure. Kafin wata kaka sai da muka koma cin tuwo sau ɗaya a rana.

Yanzu 'yan bindiga sun tashe mu, muna zaune a cikin Batsari, gonar ta zama daji. Baba ya daina ƙirga kwanaki. Kowace Lahadi yana roƙon Yesu ya zo da wuri, in an tashi daga majami'a ya je ya duba masarar da ya shuka a bayan ɗaki. Ban taɓa tambayarsa maganar damin nan ba, shi ma bai taɓa tayar da ita ba.