Gidan Sauron da Barira Ta Ajiye wa Baƙonta

Wata rana, ana cikin ruwan fari na damina, wata mata mai suna Barira ta dawo daga awo rungume da sabon gidan sauro. A asibiti aka ba ta.

Shekararta shida da aure, sai a wannan shekarar Allah Ya ba ta ciki. Watansa huɗu.

Barira irin matan nan ce masu adana. Kun san su. A ba su sabon abu, sai ya tsufa a cikin ledarsa. Ita ko kofunan aurenta ba ta taɓa shan ruwa da su ba.

Tana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, inda take tara kayan "baƙo", don kunya ba ta barin ta ta ce jariri. 'Yan riguna, hula, safa, da zanen goyo da ta yi wa kalmasa da hannunta.

Ta juya gidan sauron, ta ga fari ne fat. Ta ce a ranta, ita da sauro ya saba cizo tun tana yarinya, me zai yi mata yanzu? Fatar baƙo ce ba za ta jure ba.

Ta saka shi a akwati, ta rufe.

Damina ta zauna. Kwatar bayan gida ta cika, sauro ya samu wurin zama. Awon ma ba ta koma ba, tunda babu inda ke mata ciwo. Ƙwayoyin rigakafin da ake ba masu ciki suka wuce ta.

Cikin yana wata bakwai zazzaɓi ya kama ta. Ciwon kai, rawar sanyi, baki babu ɗanɗano. Duk wadda ta leƙo sai ta ce, "Sannu, laulayi ne, zai wuce."

Kwana huɗu tana jiran ya wuce.

Ran na biyar da hantsi ta lura baƙo bai motsa ba tun jiya. Ta sha ruwan sanyi. Ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Shiru.

Mijinta Sallau ya kai ta asibiti. Malamar awo, wata dattijuwa, ta ɗora abin sauraro a kan cikin. Ta matsar da shi. Ta sake matsarwa. Ta daɗe ba ta ɗago kai ba.

Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya shanye mata jini.

Malamar ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, ina gidan sauron da muka ba ki?"

"Yana akwati, Mama. Na ajiye wa baƙon."

"Ai shi muka ba. Sai kin shiga gidan sauron shi ma zai shiga."

Aka fitar da baƙon babu rai. Namiji ne. Ba a yi suna ba.

Aka yi wa Barira ƙarin jini, ta rayu. Da ta koma gida, sai da ta yi mako biyu kafin ta iya jawo akwatin. Riguna na nan, hula na nan. Gidan sauron na nan a sama, ko ledarsa ba a yage ba.

Abin da ya fi ci min rai, ba sakaci ne ya sa ta ɓoye shi ba. So ne.

Sallau ya buga ƙusoshi huɗu, ya ɗaura shi a ranar. Yanzu kullum a ciki take kwana. Wani lokaci hannunta yakan kai kan cikinta kafin ta tuna.

Darasi: Kāre jariri ba ranar haihuwa yake farawa ba. Mai ciki ta kwana a gidan sauro tun daga ranar da aka ba ta, ta riƙa zuwa awo tana shan rigakafinta, kuma kada a kira kowane zazzaɓi laulayi. A je a gwada.

Ku tura wa duk mai cikin da kuka sani. Wataƙila nata ma yana cikin akwati.