Kabarin da Ke Bayan Waya

Ana sallame sallar asuba muka bar Kankara, ni da kawuna da ya haura tamanin. Burinsa ɗaya: ya yi wa mahaifiyarsa addu'a a bakin kabarinta tun idonsa na gani. Matsalar ita ce kabarin yana cikin wani makeken gandun kiwo ta wajen Faskari, an zagaye shi da waya.

Hanya ta yi dama-dama, kuɗin mota kuwa ya kusa sa ni komawa gida. Da muka tsaya shan koko, Kawu ya ce ƙosan zamani sai an saka tabarau ake ganinsa.

A mota ya ba ni tarihin wurin. Ƙauyensu ne a da, har da marina. Aka tashe su, wani attajiri ya killace, ya zuba shanu. Da ya rasu magada suka sayar wa wani kamfani, kamfanin ma ya sayar. Yau kowa ka tambaya mai gandun, sunan da zai faɗa daban.

Mun isa da hantsi. Mai gadi, dattijo mai furfura, ya ce ba a shiga sai da takardar mai wuri, kuma shi kansa bai taɓa ganin mai wurin ba, ta waya yake jin umarni. Raina ya ɓaci, har na fara ɗaga murya. Kawu ya dafa ni, ya ce a bar shi kawai ya hango kukar da ke gabas da tsohuwar rijiya, inda aka binne mahaifiyarsa.

Mai gadin ya dube shi.

"Baba, kukar nan an sare ta tuni. Amma na san wurin. Kakata ma nan take."

Ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya shige gaba. Ko'ina an yanke ciyawa an ɗaure wa shanu, ban da wani ɗan fili da aka kewaye da ƙaya. Ya ce duk shekara shi ke hana injin yanka shiga nan, kuma babu mai gandun da ya taɓa sani.

Kawu ya durƙusa ya daɗe yana addu'a. Ni dai kunyar ɗaga muryata ta hana ni kallon mai gadin.

Kafin la'asar muna gida. Na tafi da tambayar wa ke da gandun, na dawo ban samu amsa ba. Amma na ga wanda ke riƙe da shi, kuma sunansa ba ya cikin kowace takarda.