Ranar da Lasifikar Malam Kailani Ta Yi Numfashi

A Tudun Wadan Zariya, bayan layin masu faci, akwai wani masallacin unguwa mai koren fenti, wanda shekara talatin da ɗaya ke nan lasifikarsa ba ta san muryar kowa ba sai ta Malam Kailani. Sana'arsa wankin hula ne, a wata rumfa jikin katangar masallacin. Amma ka kuskura ka kira shi mai wankin hula, sai ya kalle ka sheƙeƙe. Shi ladan ne, hula kuwa ta cefane ce kawai. Ba shi da dukiya, karatunsa ma bai yi nisa ba. Abin da Allah Ya ba shi numfashi ne. In ya ja "Hayya alal-falah", sai mai keke ya sauke fasinja ya ba da canji bai dire ba.

Bara da damina ciwon ƙirji ya kayar da shi, ya yi kwana goma sha biyu a asibiti. Ya tashi, amma numfashin bai taso tare da shi ba. Wata Azahar yana tsakiyar kiran salla iska ta ƙare masa ƙaf, tari ya sarƙe shi, duk unguwa tana ji. Ba wanda ya ce masa uffan, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo. Bayan kwana biyu Alhaji Nagoda, shugaban kwamitin masallaci, ya tsaya a rumfarsa yana ta jujjuya wata hula da ba tasa ba.

"Malam, ko Malam Salmanu zai riƙa kama maka ne? Ka ɗan huta."

Malam Salmanu tsohon malamin firamare ne, mutumin kirki, ga murya kamar ganga. Kailani ya ce, "To, Alhaji, a ba ni wata guda." Ya koma kan hulunansa.

Tsoro biyu ne suka sa shi gaba. Na farko, a karɓe masa kiran salla ya zama tsoho mai wankin hula kawai. Na biyun kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifinsa da ciwon fuka ya rasu, kuma Kailani da matarsa Rakiya ne ke zaune a kansa yana jan numfashi da ƙyar, fus, fus, har ya daina. Duk sanda ƙirjin Kailani ya riƙe, sautin nan yake ji a kunnensa.

Maƙwabcinsa da suka haɗa katanga, Ezekiyel, tsohon ma'aikacin jinya ne, kowa Likita yake ce masa. Shi ya gaji da jin tarin ta katanga, ya kira shi zaurensa. Ya gwada jininsa, ya duba takardun asibitinsa, sannan ya ce akwai wani motsa numfashi da ya koya wajen wani likita Ba'indiye da suka yi aiki tare, daga cikin abin da ake kira yoga.

Kailani ya ja da baya. Ya taɓa ganin masu yoga a wayar mutane, sun tanƙwashe ƙafa sun rufe ido. "Likita, ba bautar wani abu ba ce? Kada garin neman numfashi in jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina."

"Malam, ni da nake zuwa coci kowace Lahadi zan koya maka bautar wani? Ba kiran sunan kowa, ba roƙon kowa. Ka san zugazugin maƙera? To cikinka ne zai yi aikin nan."

Ya zaunar da shi a tabarma, baya a miƙe, baki a rufe. Ka zuƙo ta hanci da ƙarfi ciki ya cika, ka feso da ƙarfi ciki ya lotsa, a jere, kamar kana bin kiɗa. Sau goma, ka huta. Zagaye uku, ka tashi. Kada a yi bayan cin abinci, in kuma jiri ya zo a tsaya nan take. Kailani ya gwada, kuma tun a ja na huɗu ya gane sautin da ke fita daga hancinsa. Na mahaifinsa ne sak. Ya miƙe zumbur, gumi ya jiƙe masa riga, ya fice ko sallama babu.

Amma wata guda ba ya jiran mai tsoro. Bayan kwana biyu ya dawo da kansa. A mako na uku ya fara jin ƙirjinsa na buɗewa, jikinsa ya yi ɗumi, ya ji garau. Sai dai bai yarda kowa ya sani ba, har Rakiya. Ina zai sa kansa in aka ce ladan na yoga? Don haka ya mai da ɗan ɗakin da ake ajiye na'urar lasifika wurin yinsa, kafin La'asar, lokacin da masallaci ba kowa.

Ranar wata Talata ya shiga, ya kunna na'ura don ya gwada, ashe an ɗauke wuta. Ya yi tsaki, ya ajiye makirfo a kan tabarma gabansa, ya manta bai kashe ba. Ya kara ƙofa, ya zauna, ya rufe ido, ya fara.

Yana cikin zagaye na biyu ya ji wani abu na numfashi tare da shi. Ba a ɗakin ba, daga sama, kan rufin masallaci. Wani ƙaton numfashi ne, mai kauri, wanda ba ƙirjin ɗan Adam da zai iya fitar da shi. Ya tsaya cak. Abin ma ya tsaya. Tsigar jikinsa ta tashi, ya kasa buɗe ido. Ya ɗan saki iska a hankali, sai abin ya saki tasa a kansa. Shi ke nan, in ji zuciyarsa, abin da na gudar wa kaina ya zo, ni na kira shi da hancina, kuma a ɗakin Allah. Numfashinsa ya ƙwace masa, yana haki ba kan gado, abin na sama yana haki tare da shi, yana ƙara kusantowa. Da ƙyar ya iya buɗe baki ya ce, "A'uzu billahi."

Sai ya ji duk Tudun Wada ta amsa da muryarsa. Ya buɗe ido, ga jan ƙwan na'ura yana ci. An kawo wuta.

Kafin ya kai hannu an banko ƙofa. Masu faci ne da baƙin hannu, da Malam Salmanu, da Alhaji Nagoda yana dafe da ƙirji, da Ezekiyel riƙe da jakar awon jini. Bayansu kuma Rakiya ce, mayafi a karkace, ƙafa ba takalmi. Ita kaɗai ce ba ta tambayi komai ba. Ta san sautin nan, ta taɓa zama a kansa har ya ƙare.

Ba wurin ɓoyo kuma. Kailani ya sunkuyar da kai ya faɗi komai. Ya jira hukunci. Alhaji Nagoda ya duba agogo ya ce, "La'asar ta yi." Malam Salmanu ya sunkuya ya ɗauki makirfo, ya tsaya yana kallon Alhaji, Alhaji na kallon Kailani.

Kailani ya dafa bango ya miƙe, ya miƙa hannu. Ya fuskanci alƙibla, ya cika cikinsa yadda aka koya masa. Da ya iso "Hayya alal-falah" tsoro ya taso masa, amma ya ja, ya ja, ya dire ta lafiya. Ba ta kai ta da tsawo ba, sai dai ba ta yanke ba.

Da ya fito, mutane sun watse wajen alwala. Rakiya na tsaye jikin rumfar huluna, ɗan yatsan ƙafarta na jini inda ta yi tuntuɓe.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "tsakanin gida da nan na riga na fara yi maka takaba. Gobe a tsakar gida za ka yi abin nan, inda idona zai gan ka."

Ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gabanta, ya shiga sahu.