Cacar Guguwa a Shagon Ma Clemencia

Eustace Joachim masunci ne ɗan masunci, kuma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya haƙa tekun Karibiyan da hannunsa. Gajere ne, ga ƙirji kamar ganga, ga haƙorin zinariya da yake haska wa duk mai musa masa. Abu biyu aka san shi da su a ƙauyenmu na bakin ruwa: kwale-kwalensa mai rawayan fenti, wanda ya sassaƙa tun yana da gashi a ka, da kuma Philbert Laronde. Philbert ne ya riƙe masa 'yarsa a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompe.

A tsibirinmu, da rediyo ya raɗa wa guguwa suna, shagon Ma Clemencia yake cika. A ture domino gefe, maza su rabu biyu: masu cewa za ta haukace ta faɗo mana, da masu cewa za ta wuce ta teku. Wanda ya faɗi cacar shi ke yanka akuya a yi romo. Akuyar ba ita ce matsala ba. Ƙa'idar ita ce, duk wanda ya ce za ta wuce, kwale-kwalensa a ruwa zai kwana. Ranar da aka taru ana jan jirage kan tudu, ba mai taɓa nasa, shi ma ba zai roƙa ba.

A wannan shekarar Eustace bai so cacar ba. Ruwan da ya gani da safe bai yi masa ba, yana ɗagowa a hankali kamar mai ƙwafa. Ya shigo shagon da niyyar yin shiru, sai ya tarar Philbert ya riga ya sha ya yi ɗumi.

"Ni da kompe, za ta wuce!" in ji Philbert, ya buga tebur.

Ma Clemencia ta leƙo ta saman tabarau. "Eustace, kai ma bakinka ne wannan, ko aro ka bayar?"

"Rabu da shi, Ma, tsoho ya tsorata," wani ya ce daga lungu. "Dubi yadda haƙorin ya dushe."

Aka kwashe da dariya. Eustace ya dubi Philbert, Philbert ya kashe masa ido. Shekara talatin ba su taɓa rabuwa a caca ba, yau zai kunyata mutum a gaban jama'a?

"Za ta wuce," in ji Eustace, ya waiwayi na lungun. "Kai kuma ka fara yi wa akuyarka wanka."

Matarsa Bernadine da ta ji, ko ɗagowa ba ta yi daga ɓaren rogon da take yi ba. "To madalla. In ta tafi da jirgin, sai mu dafa kompe mu ci."

Washegari aka ja jirage, aka bar biyu suna lilo a kan anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ruwa: rawayan Eustace da shuɗin Philbert. Kwana ɗaya bayan haka rediyo ya canza murya: ta haukace, kuma ta juyo. Eustace ya gama buga katako a tagoginsa ya gangara bakin ruwa, iska tana cika masa riga. Rawayan na nan yana fizgar igiya. Shuɗin babu. Ya ce a ransa, igiyar kompe ta tsinke, wayyo bawan Allah. Kowa ya kulle gida, mutum ɗaya kuma ba ya jan jirgi, sai ya ƙara wa nasa igiya ya koma.

Ta zo kuwa. Ta kwashe kwanon rufi, ta kwantar da ayaba, ta bar itatuwan kwakwa tsirara. Da ta lafa, Eustace ya tsinci jirginsa a kan duwatsu, gunduwa-gunduwa, babban ɓangaren bai fi ƙofar bayi ba. Bai yi kuka ba. Ya sa Bernadine ta zuba masa dafaffiyar ayaba da kifi a kwano, ya ce bari ya je ya yi wa kompe jaje, tunda shi ko katako bai samu ba.

Ya zaga ta bayan gidan don bishiya ta tare ƙofa. A can, ƙarƙashin tamfol, ɗaure da igiya ta ko'ina, shuɗin jirgi ne a zaune lafiya lau, har da injinsa.

Philbert ya fito yana goge hannu a wando. "A'a, kompe! Ya muka ji da iska?"

"Jirgin naka tasowa ya yi ya faɗo nan?" in ji Eustace.

"Yaran ƙanwata ne. Sun zo da a-kori-kura da sassafe, kafin mutane su fito. Ka san yaran yanzu, ba sa jin magana."

"Ba sa jin magana, amma sun san inda angarka take."

Philbert ya sosa ƙeya. Daga nan sauran ya zubo. Ɗansa da ke Amurka ya nuna masa wata caca ta waya, inda mutanen da ba su taɓa jin ƙamshin teku ba suke zuba kuɗi kan ko guguwa za ta faɗa wa tsibirai. Tun kafin ya buga teburin Ma Clemencia ya riga ya sa nasa kuɗin a kan za ta zo.

"Waccan ta waya ce, kompe, daban ce. Ta shago ai wasa ne."

"Motar nan ta ƙofar gidana ta bi," in ji Eustace. "Ba ka ƙwanƙwasa ba."

"Da na ƙwanƙwasa da ka hana ni. Kai ba ka san karya ƙa'ida ba. Kuma da gari ya ji."

Eustace ya ajiye kwanon a kan jirgin a hankali, don kwanon Bernadine ne, ya juya.

Shi ya yanka akuyar, shi kaɗai, kuma bai faɗa wa kowa komai ba. Gari dai ya ji, tamfol ba ya rufe baki. Aka yi ta tsine wa Philbert na sati biyu, sannan aka koma sayen kifinsa, don yunwa ba ta san fushi ba.

A gidan Eustace ma tukunya ba ta jira. Sauran jiragen duk da mutanensu, gurbi ɗaya ne ya rage a ƙauyen, a cikin shuɗin. Philbert ya aiko sau uku. A na huɗu Bernadine ta ɗauko masa hularsa ta miƙa masa.

Yanzu kullum da safe za ka gan su suna fita. Philbert yana baya riƙe da inji, yana ta surutu, labarin kifi, labarin coci, tsofaffin barkwancinsu. Eustace yana can gaba, ya ba shi ƙeya. Yana jan raga, yana karɓar kason ɗan aiki, kuma mutumin da a da ba a iya rufe masa baki, tun daga ranar bai ce masa ko sannu ba.