Direban da Ya Ƙi Zaman Kujera

Mahaifina bai iya yin alheri cikin sanyin murya ba, da faɗa yake yin sa. A tashar mota Tsawa suke ce masa, kuma sunan ya bi shi har gida. Rabin rayuwarsa a kan sitiyarin bas ya yi ta, har ranar da kamfani ya ce shekaru sun ja, ya je ya huta. Hutun nan mu muka ji a jikinmu. Inna ta ce in bai sami abokin faɗa ba, da buta ma sai ya yi.

Wata rana ya fita sayen magani bayan an ɗauke ruwa, ya dawo ba magani, wandonsa duk taɓo. Akwai wani mai gyaran takalma a bakin tasha da ƙafafunsa suka shanye tun yana ƙarami. Silifa yake sa wa hannuwansa ya ja jiki. Ranar Baba ya gan shi a tsakiyar titi yana rarrafe cikin ruwa, motoci sun tsare shi da hon kamar sun ga akuya. Baba ya tsaya a gaban motocin ya zage su tas, har mutumin ya tsallaka.

"Mutum ne fa!" ya ce wa Inna yana huci. "Ƙarfe ga shi nan zube a kowace bola, amma ɗan Adam yana tafiya da tafin hannu."

"To kai me za ka yi a kai, Malam?"

"Keke zan ƙera masa."

Inna ta yi dariya, don Baba ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba. Washegari ya tafi wajen wani mai walda a bayan layinmu, sa'an ɗansa, ya ce a koya masa. Ya dawo idanu jajur suna zubar da ruwa. Inna tana ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma tana mita, shi yana zagin tsumman.

Keken farko bai je ko'ina ba. Mai takalma ya hau, ya murza sarƙar da hannu, suna kaiwa kwana tayar baya ta fice, ya zube a kwata.

"Tsoho, kashe ni ka zo yi?" in ji shi. "Da can ƙafa kawai na rasa!"

"Rufe mini baki! Kai ne ba ka iya tuƙi ba."

Amma Baba ya kwashi tarkacen ya koma da su, ya kwance komai ya sake. Na biyun ya yi. Daga nan mutane suka fara zuwa, kuma ba ya yi wa kowa irin na wani. Wata mai sayar da sabulu hannu ɗaya gare ta mai ƙarfi, sai ya yi mata abin juya keken da kafaɗa, da akwati a baya don kayanta. Tsakar gidanmu ta cika da tsoffin kekuna, ƙafafun gado da bututun ruwa masu tsatsa.

Babban wanmu ma'aikacin ofis ne, mai son fararen kaya. Duk sanda ya zo da abokansa, sai ya riƙa kare tarkacen da jikinsa.

"Baba, me muka rage ka da shi? Ci ko sha? Mutane na cewa mun bar ubanmu yana yawon bola."

"Ka ce musu gaskiya ne. Da can da nake kai mutane aiki ba ka ji kunya ba, sai yanzu?"

Lokacin da ciwo ya kwantar da Baba, yana tsakiyar haɗa keken wata yarinya ne. Uwarta ce ke goya ta zuwa makaranta kullum, ga shi ta girma, bayan uwar ya gaza. Baba ya auna yarinyar, ya yi mata alkawarin gamawa kafin a dawo daga hutu, har ta zaɓi shuɗin fenti. Jininsa ya hau, ya faɗi a gefen keken, hannun hagu ya saki. Ni da Inna muka tare a asibiti muna jinyarsa.

A bayan idonmu Yaya ya kira masu sayen tsoffin ƙarafa. Suka zo da mota suka kwashe komai, har da guduma da sifanu da keken yarinyar, wanda birki kawai ya rage a sa masa. Ya sa aka shafe tsakar gidan da siminti, ya sayo kujerar hutawa mai laushi ya ajiye a inuwa. Ya ce wai don lafiyar Baba ya yi.

Ranar da muka dawo, Baba ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa yana kallon simintin.

"Ina keken yarinyar?"

"Baba, likita ya ce ka huta," in ji Yaya.

"Ban tambaye ka likita ba."

"An narkar da su ke nan yanzu. Ai tarkace ne."

"Ƙafafun 'yar mutane ka sayar," in ji Baba. "Ban mutu ba ka share wurina. Ka ɗauke kujerarka, kai ka zauna a kai ka jira mutuwar."

Ni kuwa na faɗa wa Yaya maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta, har Inna ta toshe mini baki da hannu. Da yamma uwar yarinyar ta zo dubiya da ita a goye. Yarinyar ta leƙa ta kan kafaɗar uwarta tana neman kekenta da ido. Yaya ya sulale ta ƙofar baya, ya bar tsoho marar lafiya da bayani.

Baba bai ƙara ajiye ƙarfe a gidan ba. Mai walda ya ba shi gefen rumfarsa. Da yake hannun hagu ya ƙi riƙo, sai ya haɗa wani maƙali daga tsohon birkin mota, yana taka shi da ƙafa ya damƙe masa ƙarfe. Abin da maƙalin ya kasa, mai takalma ke zuwa a kekensa ya riƙe masa, suna aiki suna zagin juna. Aikin ya ja sosai. Kafin yarinyar ta hau kekenta, shekarar karatu ta wuce ta, sai da ta maimaita aji.

Kwanan baya Yaya ya je rumfar da sabon injin walda a cikin kwali. Baba ya dubi kwalin, ya dube shi.

"Inji muna da shi. Hannu muka rasa. Cire agogon."

Ya miƙa masa burushin waya da wani bututu mai tsatsa. Yaya ya durƙusa cikin fararen kayansa yana kankara, Baba yana kansa yana cewa ko kankarar tsatsa bai iya ba. Inna ta ce a wajen Baba wannan shi ne yafiya, ni ma in haƙura. Na ce mata ina gaishe da Yaya, ina amsa gaisuwarsa, kada ta nemi fiye da haka a wurina tukuna.