Haƙorin Makka na Yaya Hauwa

Shekara tara ke nan, a wannan watan, da muka kai Yaya Hauwa makwancinta a maƙabartar ƙauyenmu, kudu da garin Hajj Abdalla, a ƙasar Sudan. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, a bayanta na girma. In aka tambaye ni abin da ya kashe ta nakan ce ajali, don ita ce amsar da ba ta jawo wata tambaya. Amma na san ƙofar da ajalin ya biyo. Haƙori ne guda ɗaya, na sama, gefen dama.

Kakanmu ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji. Ya tsaya a nan yankin Jazira ya tsinci audugar kaka ɗaya don ya ƙara guzuri, kakar nan ba ta ƙare ba har aka binne shi. Babanmu ya gaji gonar, ya gaji niyyar, shi ma bai ga teku ba. Maƙwabta sukan tsokane mu, wai gidan alhazan da jakinsu ya gaji a hanya. Yaya Hauwa ce ta ƙarasa tafiyar, bayan ta ƙare ƙuruciyarta a bakin kaskon suyar gyaɗa. Da ta sauke farali, sai ta yi abin da mutanenmu suke yi: ta je wurin mai sa haƙori a can, ya gurje mata lafiyayyen haƙori, ya rage shi, ya kifa masa kwanson zinariya.

Ta dawo da sabuwar dariya, ta gefe guda. Nakan ce, "Yaya, rufe bakin nan kar ki kashe mana ido." Ta ce hassada ce ke damuna. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na shekarun nan ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ni ban ji daɗi ba. Bakin masu ba'a ya mutu.

Shekara shida kwanson yana walƙiya a waje, haƙorin yana ruɓewa a ƙarƙashi. Ta fara da kanumfari, ta koma kurkure da ruwan gishiri, ta daina kai asuwaki wajen. Sai na lura in za ta yi magana tana jan mayafi ta kare baki, don wari ya soma fita. Ga kuma ciwon suga da take fama da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sa ta gaba sai asibitin birnin Madani.

Likitan haƙorin saurayi ne, mai haƙuri. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗauki hoto, ya yi mana bayani da Larabci cewa haƙorin ya mutu, mugunya ta kai ƙashi, a cire shi yau, mai suga ba ta wasa da irin wannan. Yaya ta ji komai sarai, amma ta juyo ta yi mini Hausa don kada ya gane.

"Auta, hwaɗa mai ba a taɓa shi. Wanga haƙori ba nawa ba na ni kaɗai, da Kaka da Baba duk suna ciki. In anka hidda shi, mi za ni gwada ma mutane?"

A nan laifina yake, kuma yau nake rubuta shi. Ni ne malamin makarantar gidan, maganata take ji a kan duk abin da ya shafi takarda da asibiti. Da na ɗaure fuska na ce a cire, da ta yi mita ta buɗe baki. Maimakon haka na yi dariya, na ce wa likita ya ba mu ƙwayoyi, za mu dawo in an gama yankan dawa. Ya ce, "Ya ustaz, wannan ba ya jiran dawa." Na ce Allah yana nan. A hanyar gida tana ta sa mini albarka, ni kuwa ina jin kaina ɗan'uwa na gari. Ashe gaskiya ne, haƙorin dariya shi ke cizo.

Yanzu yaƙi ya watsa mu. Ina garin Damazin wurin ɗana, sauran kowa da inda ƙafa ta kai shi. Na ga mutane da kumburarren kunci suna neman wanzami mai awartaki, don likita ya yi musu nisa. Duk da haka, kwanan baya jikarta Zainabu ta nuna mini hotuna a waya, wasu masu haƙora farare tas kamar tangaran, an gurje na Allah an lulluɓe su. Wai in ƙura ta lafa ita ma za ta yi. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ina so in ce za ta hana, amma na san halin abata. Da ta ce yarinya ce, a bar ta ta yi kwalliyarta. Ni dai na zaunar da Zainabu na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa cikakke ba, har ƙarshensa.

Ga ƙarshen. Ƙwayoyin sun kwantar da ciwon mako uku, muka ce an rabu da ƙaya. Wata safiya na shiga gaishe ta, na tarar kuncin ya haɗe da wuya, ido ɗaya ya rufe, jiki kamar garwashi. Muka ɗora ta a motar kasuwa. Muna cikin tafiya ta damƙi hannuna, ta yi magana ta tsakanin haƙora.

"Halas, ya isa, Auta. A hidda shi."

Ta yarda, bakin ne ya ƙi. Muƙamuƙin ya ƙage, ko ɗan yatsa ba ya shiga. A asibiti suka tsaga ta gefen wuya suka zuƙe abin da za su iya, suka ce dafin ya riga ya bi jini. Kwana biyu ta yi. Da haƙorin a bakinta aka yi mata wanka, da shi aka rufe ta.

Me ya rage? Gonar ban san hannun da take ba. Kabarin ban isa in ziyarta ba. Abin da ya rage suna ne. A shekara taran nan, a gidan makoki, a tasha, a wurin gudun hijira, duk wanda ya ambace ta, har yaran da aka haifa bayanta, Hajja Hauwa yake cewa. Ba wanda ya taɓa neman a nuna masa zinariya kafin ya faɗa. Wannan ita ce amsar tambayar da ta yi mini a kujerar likita. Na san amsar tun a ranar, ban faɗa mata ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya kai haske kabarinta. Ni kuma ya yafe mini.